Malam Illa, Wanda Ya Ƙi Haɗa Waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Illa Damagaram a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, bayan gajeriyar jinya. Shi ne mai gyara mana na'urori, mu masu aika kaya gida.

Malam Illa, ni Abdulhakeem zan ba da shaida ɗaya a kanka, ko da yake ni take tona wa asiri.

Bara, a watan da laima ke sa bango gumi, dilolin rigunan da na saro a kasuwar Shisanhang suka yi danshi, ga shi washegari za a rufe kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. In suka shiga haka, fumfuna zan kai Kano. Na'urar busar da kaya mai gas da ke shagona tana juyawa, amma ba zafi ko kaɗan.

Ka zo ba garaje. Ka duba ko gas na shiga, ka leƙa ko abin kunna wutar yana yin ja, sannan ka gwada fis ɗin zafi, ka ce ya ƙone. Da ka zura hannu a bututun fitar da iska, sai ga tsumman da ni na cusa don kada laima ta shigo, ya fara babbakewa.

Borin kunya ya sa na hau faɗa. Na ce ka tsallake fis ɗin ka haɗa wayoyin kai tsaye, tunda fis ba zai samu ba sai jibi.

Ka ce, "Alhaji, fis ɗin nan ya ƙone ne don kada gidan ya kama. Iyali goma sha ɗaya ke zaune samanka. Ban haɗawa."

Na kira ka mai taurin kai, na kore ka. Bayan kwana biyu ka dawo da fis a aljihu kamar ba a yi ba, ka share bututu, zafi ya dawo. Kwantena ta riga ta tafi, na daɗe ina jin haushinka.

Yau ina alfahari da cewa na san ka. Girman kai ya hana ni ba ka haƙuri, kai kuwa ba ka taɓa gaya wa kowa zancen tsumman ba. To, ga shi na faɗa da bakina. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Saffana, da 'yarku Rahila, da 'yan uwa a Damagaram. Allah Ya ba su haƙuri, Ya jiƙanka, Ya tsare ka daga wuta kamar yadda ka tsare maƙwabtana.