Shekarar da wuyana ya ƙi ɗaukar tulu

Shekarun baya, lokacin farin da ya ƙone mana gero tun bai fid da kai ba, rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Sai gulbi muke zuwa, mu tona yashi, mu jira ruwa ya tsattsafo. Goyo a baya, tulu a ka.

Hanyar kuwa ta gaban rumfar surukina ta bi, inda yake zama da dattawa. Ni sarkin kunya, tun daga nesa nake duƙar da kai da tulun a bisa, in riƙe numfashi har in wuce.

Wata safiya na tashi hannuna na dama ya mutu. Na ɗauki ludayi, ya suɓuce. Wuya ya ƙi juyawa. Nan take na tuna maƙwabciyarmu da ɓarin jikinta ya shanye, sai an juya ta. Randa ba ko ɗigo, maigida ya tafi cin rani. In na kwanta, wa zai ɗebo wa yarana ruwa? Na zauna bakin gado.

Nan gwaggona ta iske ni. Ta lalubi wuyan, ta ce, “Ɗiyata, na sha ganin ki kina wuce rumfar nan kamar akuyar da anka ja da igiya.”

Na ce, “Gwaggo, za ni wuce uban mijina kai a miƙe?”

“Ido za ki saukar, wuyan ki bar shi. Kina da kaya a ka, wa ya ce ki duƙa?”

Ta aza mani ƙwarya babu komai, ta ce in zaga tsakar gida a hankali. Tana tambaya, ina dubawa. Haƙora? A cije. Kafaɗu? Sun kusa kunne. Numfashi? Na manta da shi. Ashe haka nake yini ban sani ba. Ta ce in riƙa jin diddigena na taɓa ƙasa, in bar nauyi ya sauka can.

Hannun bai dawo da wuri ba. Kowace asuba sai na mintsini yatsuna, in ji ko da rai. Maƙwabta sunka riƙa sam mana ruwa har na koma gulbi da ƙafata. Na wuce rumfar wuya a miƙe, ido a ƙasa. Surukina bai ma lura ba.

Tun daga nan na gane tsoro a jiki yake fara sauka kafin zuciya ta sani. Ko yanzu, in na ji kukan babura daga daji, inda 'yan bindiga suke, nakan ji kafaɗuna sun ɗaga. Sai in sauke su, in ja numfashi, sannan in kira yara su shigo gida.