Tuwon Ƙanena a Bakin 'Yan Ƙwallon Kwando

Abin nan ya faru ne bayan bam ya tashi a tashar mota, kafin rijiyar tsakar gidanmu ta rufta. Shekarar da aka jera buhunan yashi a bakin titinmu na Shamaki, har mai zuwa sayen gishiri sai an lalube shi. An yi ruwan shuka, ana ta cewa azumi ya matso. Ni ban san shekara da lamba ba, amma duk wanda ya zauna a Gombe a lokacin ya gane wadda nake nufi.

A shekarar ne ƙanena ya zo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a bayana ya yi wayo. Can gabas yake zaune da shanunsa, mutanen daji suka shiga garinsu, suka kora shanun, matarsa kuma ta rasu a hanyar gudu. Mutumin da in zai zo gaishe ni a da sai ya haɗo da ƙwaryar man shanu, shi ne ya tsaya a ƙofar gidana da riga ɗaya da buta da sanda.

Bai daɗe da isowa ba yayan marigayiya matarsa ya aiko daga Kwadon, wai ya koma can, akwai ɗaki akwai gona. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi. Ina raye, ina da gida har da zaure, ɗan uwana ya je ya raɓe a inuwar surukai? Wannan magana ce da za a yi ta yi a gidan suna da gidan biki har bayan raina. Tun daga ranar abu ɗaya na sa a gaba, ya zauna a wurina.

Na ba shi ɗaki a cikin gida, ya ƙi. Ya ce, "Adda, akwai matan 'ya'yanki a ciki, zaure ya ishe ni." Na sa aka shimfiɗa masa tabarma da buzu a kusurwa.

To amma zauren yana da masu shi. Gidajen kallo duk an rufe saboda tsoron taro, sai jikokina biyu, babban da ya gama jami'a yana zaman jiran aiki da ƙaramin mai ɗinki, suka shigo da talabijin, suka kafa tasa a kan soro. Uban nasu yana Legas, uwarsu kuma ba ta iya musu. Na ce gara su taru a inda nake jin numfashinsu da su je inda za a kawo mini labarinsu. Abokansu suka biyo su, shugabansu wani dogo mai gyaran waya, bakinsa ba ya rufuwa ko yana shan ruwa.

Da ma ƙwallon ƙafa ce, da na ce abin da kowa ke yi ne. Ina, ta kwando ce. Na leƙa sau ɗaya na gani. Ƙarti ne dogaye kamar giginya, da singileti da gajeren wando, suna ta dukan ƙwallo da ƙasa kamar ta yi musu laifi, sannan su jefa ta cikin kwandon da ba shi da gindi. Ta faɗo, su sake ɗauka. Ni da na tashi ina saƙa faifai, kwandon da ba ya riƙe komai wuta ake sa masa. Kuma wai lokacin fitar da gwani ne, ƙungiya biyu za su yi ta karawa, yau a garin wannan gobe a garin wancan, har sai ɗaya ta ci huɗu. A sharo in an shaɗe ka ka motsa, an gama da kai. Su kuwa a ka da mutum yau, jibi ya dawo yana taunar cingam.

Can ƙasar tasu ana wasan ne muna barci, sai da hantsi a maimaita. Wanda ya riga ya ga sakamako a waya an hana shi faɗa, sai ya zauna yana kumbura kamar kwaɗo. Kallon kansa ba ya daɗewa. Gardamar ce ba ta da ƙarshe. Babban jikana na bayan masu farar riga, ƙaramin da dogon na bayan masu ja. Ɗakina bango ɗaya ne da zauren, ko ban so ba sai na ji.

"Malam, ɗan wasanku in an shiga kwatar ƙarshe sai a neme shi da fitila."

"Wa ya jefa muku ta maki uku kuna kallo?"

"Rafali ya jefa. Fawul ƙiri-ƙiri, ya ture mutum har ƙasa, alƙali na duban rufi."

"Kullum rafali. Ranar da kuka ci ba rafali a filin?"

"Kocinku ko rumfar mai shayi ba zan ba shi ya riƙe ba. Mutum na ɗingishi ka bar shi a fili?"

"Da ƙafa ɗaya ma ya fi naku biyar."

"Kai da ko rariyar gidanku ba ka iya tsallakewa."

Haka daga hantsi har la'asar, a tashi salla, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Ranar da ba wasa ma sai sun zo, su tono na shekaranjiya su sake yanka shi. Ana cikin wani hali a gari, kowa da ɗan gudun hijira a gidansa, su kuwa damuwarsu idon sawun wani ƙato da bai san akwai Gombe a duniya ba. Har ƙanena sukan jawo. Na ji ƙaramin yana cewa, "Kaka, raba mana gardama, fari ko ja?" Shi kuma a hankali ya ce, "Allah ya ba mai rabo." Suka bushe da dariya, wai tsoho ya iya siyasa.

Yanzu bari in faɗi abin da duk ɗan gidan mutunci ya sani. Mu asalinmu rugga ne, kuma a wurinmu baƙo ba ya cewa yana jin yunwa. In an kawo masa abinci zai ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," ko da hanjinsa na kuka. Wanda ya kawo ya san sauran aikin. Ya ajiye, ya rufe da faifai, ya kawo ruwan wanke hannu, ya fice, ya janye duk wanda ke wurin. Dattijo ba ya tauna a gaban yara, balle wanda ya rasa komai, yana ganin kowace loma ana ƙirga masa ita da ido. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Da nono na sha shi.

Da hannuna nake yi masa girki, ban yarda wata ta taɓa tukunyarsa ba. Tuwon dawa da miyar kuka, man shanu har yana iyo. Wata rana dambu, wata rana fura da kindirmo. In zuba a akushin marigayi mai gidana in miƙa wa babban jikan, tunda ba zan ratsa taron samari da kwano ba. Akushi ya dawo tas kamar an wanke. Ina murna. Har maƙwabciyata na gaya wa cewa cin ɗan uwana ya dawo.

Sai dai ina ganinsa da sassafe, kafin taron ya zo, lokacin da nake kai masa kunu da kaina. Wuyansa na ƙara tsawo, rigar na ƙara masa yawa. Na ce, "Lafiya kuwa?" Ya ce, "Zafin garinku ne, Adda." Na ɗauka baƙin ciki ne ke cinsa, wanda shi ba a yi masa miya.

Ranar da asiri ya tonu an yi uku da uku, saura wasa ɗaya a san gwani. Tun hantsi zauren ke tafasa. Dogon nan ya yi sallama ya shigo tsakar gida neman ruwan randa, muryarsa ta dushe don ihu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha, ya goge baki, ya ce, "Hajiya, Allah ya ƙara wa hannun nan albarka. Miyar kukar jiya, ko a gidanmu ban taɓa shan irinta ba."

Na ce, "A ina ka sha miyata?"

"A zaure mana. Ta Kaka."

"Shi ya ba ka?"

"Ai shi ba ya ci, Hajiya. Kullum ya ce ya ƙoshi. Mu ne dai muke hana ta lalacewa." Ya yi dariya. "Ranar dambu ma har an kusa faɗa."

Na ce ya turo mini jikokina. Ba zan yi maganar a zaure ba, a gaban mai ita.

Suka shigo, ƙaramin na waiwaye don kada a ci shi da gardama yana nan. Ya ce, "Matata, a yi sauri, ana kan magana."

Na ce, "Yau ba matarka. Wa ke cin abincin baƙona?"

Babban ya ce, "Hajiya, wallahi ina kai masa. Ya ce ya ƙoshi. Har sau biyu nake tambaya."

"Ka tambaye shi a gaban wa?"

"A gaban kowa. Ba abin ɓoyo ba ne."

"Mutumin da ya taka daga gabas da ƙafa, me ya ci da zai ƙoshi? Iska?"

"To in yana so ai sai ya faɗa. Gidan yayarsa ne."

Wannan shi ne mai jami'ar. Ya san tsawon kowane ƙato a cikin akwatin nan, ya san wanda gwiwarsa ke ciwo da wanda ya yi faɗa da koci, amma tsoho na zaune kusa da ƙafarsa yana rayuwa da kunun safe da goro, bai gani ba. Sun zauna sun ba shi baya, suna miƙa wa juna akushinsa, suna lasar yatsa suna zagin rafali, shi yana jan carbi yana duban bango don kada a ce ya kalli abinci.

Na ce a fitar da talabijin daga gidana kafin la'asar. Ƙaramin ya ce, "Haba Tsohuwa, gobe ne fa na ƙarshe. Bari a gama, jibi da kanmu za mu kwashe." Ko kunya. Wai in bar ɗan uwana ya ƙara kwana da yunwa don a ga wanda zai ɗaga kofi. Na ce ko su fitar ko in zuba mata ruwan randa, su zaɓa. Suka kwashe suna gunaguni, suka kai shagon dogon. A ƙofa ina jin wani na cewa tsofaffi ba su san darajar fainal ba.

Na share zauren da kaina. Na tuƙa sabon tuwo, na kai, na rufe da faifai, na ja ƙofa, na zauna a bakinta kamar mai gadi. Da na koma ɗauka, ya ci gefe ɗaya kaɗan, ya gyara sauran.

Washegari da na kai kunu na tarar ya naɗe buzun, ya ɗaure butarsa a sanda.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Kwadon. An yi ruwa, sun ce akwai gonar da ba mai nomawa."

"Zaure ya zama naka kai kaɗai. Ba mai sake shigowa."

Ya gyara ɗaurin butar. Sannan ya ce, "Shi ne ai, Adda. Yara na zaune a gidan kakansu, na zo an kore su saboda cikina. Duk layin nan ya ji. Da wane ido zan zauna?"

Na ce ni na goye shi. Na ce ya tuna uwarmu. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa namiji ba, na ce ina roƙonsa. Ya ce, "Gidanki gidana ne. Zan riƙa zuwa." Na san irinmu, in mun yi magana da wannan sanyin an gama.

Babban jikan ya raka shi bakin titi, shi ma don na tsaya a kansa ne. Ina daga ƙofa ina ganinsu. Yana riƙe da ƙullin tsohon da hannu ɗaya, ɗaya hannun na toshe kunne, don wani ɗan layin na ƙoƙarin gaya masa sakamako tun ba a maimaita wasan ba. Mota na tsayawa ya tura kayan ciki, ko tashinta bai jira ba ya yi shagon dogon da gudu. Da azahar na ji ihu daga can. Ban tambayi wa ya ci ba, kuma har yau na hana a gaya mini.

Ƙanena ya cika alkawari, yakan zo gaisuwa da salla. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ya sha ruwa, ya koma kafin magariba. Bai sake kwana a gidana ba, bai sake cin tuwona ba. A Kwadon ya rasu, surukansa suka yi masa wanka, ni aka aiko wa kamar baƙuwa.

Daga mutanen wancan lokaci maƙwabciyata ta riga mu gidan gaskiya, uwar yaran ma haka. Jikokin suna nan, babban ya samu aiki har da 'ya'ya, ƙaramin na ɗinkinsa. Dogon ya yi tumbi, in ya gan ni a hanya sai ya tsallaka titi. Yayan matar ƙanena na nan da ransa a Kwadon, idonsa ya yi rauni amma kunnensa ras. Duk inda muka haɗu a taron dangi, da ya ji muryata sai ya sa a kawo shi gabana, ya gaishe ni da ladabi har ƙasa, ya tambaye ni mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ni, ga ni nan har yau.