Gudun Lawali Daga Rijiya Zuwa Dabinon Ƙarshe

Lawali ya rasu.

Da safen nan Agali direba ya kira ni, ina zaune da kofin shayi a bakin kasuwar Jadid, a nan Sabha ta Libiya. Ya ce jiya bayan La'asar aka tarar da shi a gonar da yake yi wa ban ruwa a Samnu, ya jingina da dabino kamar mai hutawa, ruwa na ta malala babu mai tarewa. Har an yi masa sutura. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shayin yana nan gabana, ya huce.

Waɗanda suka zo Sabha kwanan nan sun san shi ne a matsayin dogon mutumin nan mai ɗingishi da ke kawo dabino kasuwa. Ba su san ɗan tsere ne ba. Ya taɓa sa rigar ƙasarsu, ya yi gudun dogon zango a filayen da mu sai a talabijin muke gani.

Na fara ganinsa a shekarun da rediyo ke ta faɗa mana Afirka ta zama gida ɗaya. Lokacin ana shigowa Sabha mota-mota, kowa da burinsa. Ni na zo da takardar digirina cikin leda, na ƙare ƙarƙashin rumfa ina rubuta wa mutane wasiƙa. Har yau a nan nake.

Wata safiya na bi motar kayan lambu zuwa Zighan. Rana ba ta gama fitowa ba, sai na hango mutum yana gudu a gefen titi shi kaɗai, ba abin da ya koro shi. Ƙafarsa kamar ba ta son taɓa yashi. Direba ya sassauta don mu kalle shi, shi ko waiwaye bai yi ba. In na rufe ido har yanzu shi nake gani, dabinai na wucewa ta bayansa, shi kuma kamar iska ce ta ɗauko shi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a rumfata.

"Kai ne Tichan da ke rubuta Turanci mai sa manya kuka?"

Na ce manya ba sa kuka, zauna.

Ya ba ni labarinsa. A hukumar wasanninsu, da zarar jirgi ya sauka a ƙasar waje, shugabanni ke karɓe fasfon 'yan wasa, wai kada su sulale. A tafiyarsa ta ƙarshe an bar 'yan tsere biyu a gida, aka ba abokan ciyaman kujerunsu. Da aka dawo, tun a filin jirgi Lawali ya tsaya gaban kowa ya ce a bar kowane ɗan wasa ya riƙe fasfonsa, kuma a ba 'yan wasa kujera ko ɗaya ce a kwamitin da ke yanke hukunci a kansu. Ciyaman, wanda ya girmi mahaifinsa, ya nuna shi da sandar hannunsa ya ce, "Daga yau na dakatar da kai. Ba ka ƙara gudu da sunanka, a nan ko a wata ƙasa."

Lawali ya rusuna ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya ɗauki jakarsa ya nufo hamada.

A nan akwai wani mai horar da 'yan gudu, ɗan Libiya, ana ce masa Kabtin Salem. Shi ma a kan titi ya gan shi, ya rikice. Ya so ya kai shi gasa Turabulus, daga can kuma sai inda Allah ya yi. Ya tambaye shi ko akwai matsala tsakaninsa da hukumarsu, Lawali ya faɗa masa gaskiya. Kabtin ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Babu mushkila. Ɗan'uwa nawa ya bar gudu, bataƙa nashi akwai. Kai ɗauka, kai gudu."

Bataƙa katin shaida ke nan. A lokacin aiki da katin wani ba abin magana ba ne a Sabha, rabin mutanen da ke jiran aikin yini a Jadid da sunan aro suke amsawa.

Lawali ya zo neman shawarata. Ni na hana shi.

Na ce masa gyara na nan tafe. Na ji ana cewa manyan hukumomin wasanni za su buɗe ofis don sauraron koken 'yan wasa. Na ce ya ba ni lokaci in rubuta, zai yi gudu da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Ya yarda, don yana ganin wanda ya yi karatu ya san hanya.

Shekara shida ina rubutu. Na rubuta wa hukumarsu, shiru. Na rubuta wa na sama da su, suka ce koke sai ya biyo ta hukumar gida, wato ta teburin mutumin da muke kai ƙara. Kowace wasiƙa kuma roƙo ɗaya ta ƙunsa, a yi haƙuri a ɗage dakatarwar.

Shi kuwa bai fasa gudu ba. Kullum bayan Asuba, kafin ya kunna injin ruwa.

Bai taɓa zuwa rumfata hannu rabbana ba. Nunan farko na dabino ni yake kawo wa, a ƙulle cikin tsohuwar rigarsa ta tirenin. Kujerar da nake kai yanzu, shi ya ɗaure ƙafarta da waya. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, ya goya ni a guje har asibiti, 'yan kasuwa na ta dariya, shi kuma yana cewa, "Ticha, ka ƙara cin abinci mana, wannan nauyin ai bai isa tirenin ba."

Sai ya faɗo daga kan dabino. Gwiwar dama ba ta ƙara komawa daidai ba.

Bayan haka da kusan shekara amsa ta iso, daga ofishin nan da na yi ta yi masa alkawari. An buɗe shi da gaske. Layi huɗu ne kacal. Sun ce sun duba kundinsu, sun tambayi hukumarsu, babu wata takardar dakatarwa da sunansa, ba a taɓa yin ta ba. Yana da 'yancin shiga kowace gasa.

Ni da digirina, a shekara shida ban taɓa ce masa ina takardar ba. Shi ma bai tambayi kowa ba. Babba ya yi magana a gaban jama'a, muka ɗauka ta zama doka, don a haka muka tashi. Ciyaman ɗin ma ina jin ya manta tun kafin ya isa motarsa.

Na ɓoye wasiƙar. Na sa ta cikin ledar digirina, su biyun suka yi ta tsufa tare. Duk ranar da ya tambaya sai in ce masa har yanzu ba amsa.

Watan jiya na kasa jurewa. Na hau motar Agali na je Samnu da hantsi, na same shi yana buɗe wa ruwa hanya da shebur. Na karanta masa, na fassara, na faɗa masa tsawon shekarun da ta yi a hannuna. Na tsaya ina jiran zagi.

Ya ajiye shebur ɗin. Can sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe duk wannan zaman a sake nake, Ticha?"

Na ce ya yafe mini. Da ban hana shi katin Kabtin ba, da duniya ta gan shi.

"Da ta ga ɗan'uwan Kabtin dai," in ji shi. "Ni wa zai gani? Kawo takardar in taɓa."

Ya shafa ta, ya linke, ya sa a aljihu. Sai ya cire takalmin roba, ya naɗe wando.

"Kana da agogo? Daga rijiyar nan zuwa dabinon ƙarshe. Ka kira sunana yadda ake kira a fili, da ƙarfi."

Na kira. Lawali! Murya ta shiga cikin dabinai, tattabaru suka tashi.

Ya yi gudu. Ƙafa ɗaya na jan ɗaya, kafaɗa na karkacewa, amma wallahi daga tsakiyar hanya na daina ganin ɗingishin. Hasken hantsi na saukowa ta cikin ganye, ruwa na ƙyalli a gefensa, sai na ga mutumin nan na titin Zighan ya dawo. Ban duba agogon ba. Idona bai bar ni ba.

Ya taɓa dabinon, ya juyo yana haki.

"Na nawa na zo?"

Na ce na ɗaya.

"To ka rubuta, tunda aikinka ke nan. Amma wannan karon kada ka ɓoye."

Na yi ta cewa gobe. Yau ga shi na rubuta. Lawali, ɗan tseren da ba a taɓa dakatarwa ba, ya yi gudu da sunansa a Samnu, ya zo na ɗaya, ni ne shaida.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Lawali, ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya ƙetare siraɗi da saurin da ka ba ƙafarsa tun farko. Ni ma ka yafe mini shiruna.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ku ambaci sunansa a ciki, da ƙarfi.