Fim ɗin Ingila da ya sa na kira Baba

Ina cikin shekarata ta biyu a Dubai, ina rubuta takardun kaya a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a Deira, na koma wani fulat a Hor Al Anz inda mu shida muke raba ɗaki biyu. Gadon da ke ƙasan nawa na wani mutumin Kumasi ne, ɗan Zango. Ya ba ni kusan shekara goma sha biyar, don haka Yaya nake ce masa. Aikinsa yagar tikiti a ƙofar silima, ya haska wa mutane tocila su sami kujerunsu. Shekararsa bakwai a nan, kuma bai bari kallon ya wuce shi a banza ba.

Da Janairu ta kama, lokacin da ake fitar da sunayen fina-finan da ke takarar kyauta, Yaya ba ya zama lafiya. Zai yanko jerin daga jarida ya manna a ƙofar firij, ya riƙa bi da biro yana yanke hukunci. "Wannan kuɗi kawai aka zuba, babu labari. Wannan matar ta iya kuka, amma ba ta iya shiru ba." Duk shekara 'yan Ingila yake goyon baya.

Ni da na tashi da fim ɗin Indiya da namu na Kano, nakan ce, "Yaya, me ke cikin fim ɗin Ingila? Ruwan sama, shayi, sai mutum biyu suna kallon taga. Ba waƙa, ba faɗa, ko bos babu."

"Habibi, kai dai ba ka iya kallo ba," in ji shi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya miƙo min tikitin wani fim ɗin Ingila, irin wanda ake ba ma'aikata. "Yalla, tashi. In ka yi barci a ciki, khalas, shi ke nan, ba zan ƙara damunka ba."

Labarin wani tsoho ne mai gyaran kwalekwale a wani gari na bakin teku. Ɗansa ya dawo daga birni bayan shekaru, suna zaune gida ɗaya, maganarsu ba ta wuce ta yanayin gari. Rabin sa'ar farko hamma nake. Can sai aka nuna ranar da ɗan zai koma: ya ɗauki takalminsa a bakin ƙofa, ya ga an ɗinke inda ya ɓalle. Tsohon yana gefe yana wanke kofi, ko juyowa bai yi ba.

Nan na tuna da Baba. Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Baduku ne, ya so in gaji sana'arsa, na ƙi. Ranar da zan taho bai raka ni filin jirgi ba, cewa kawai ya yi, "To, Allah ya kiyaye." Na ɗauka fushi ne, na yi kusan shekara biyu Inna kaɗai nake kira, in ce ta gaishe shi. Amma a safiyar nan da na ɗauki jakata, na tarar an sake mata hannu da sabuwar jar fata, ɗinki biyu-biyu. Na gani, ban kawo komai a raina ba, sai ranar nan a silima.

Da muka fito ban jira mun shiga jirgin ƙasa na metro ba, na kira lambar Baba. Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Baba, ni ne. Ina wuni?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ya zafi a can?" Muka yi maganar zafi, da tsadar fata a kasuwa. Zan yi sallama ya ce, "Jakar nan dai ba ta ƙara tsinkewa ba ko?"

Daga ranar duk Juma'a sai na kira shi, har shekara uku, har Allah ya karɓi abinsa. Hirar ba ta taɓa wuce minti biyar ba, kuma ba ni da abin da na fi gode wa Allah a kansa a zamana na Dubai kamar waɗannan mintocin.

Fim ɗin kuwa bai ci komai ba. Wani fim mai hayaniya ne ya kwashe kyaututtukan, Yaya ya yi mako guda yana tsine wa alƙalan da Hausa da Twi, yaren Kumasi. Sai a lokacin na zaunar da shi na ba shi labarin Baba, na ce na gode. Ya share ido da bayan hannu, ya tashi ya ɗora mana shinkafa da wake.