Yoyon Mai a Gonar Mutanen Daji

Taraktar ta yayana ce, ƙarama, mai jan garma baki biyu, ni kuma nake tuƙa ta. A ƙauyenmu da ke hanyar Damari an san ni da yawan dube-dube. Ba na tayar da inji sai na zaro geji na ga mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Yaya kan ce da damuwa tana tsiro, da ni kaɗai na ciyar da Birnin Gwari.

A shekarun nan kowa ya san ƙa'ida: kafin garma ta shiga gonar ɗan gari, sai ta fara shiga ta mutanen daji. Da ruwan farko ya sauka, suka aiko mu kai musu taki a tirela, mu kuma yi musu kaftu. Yaya ya ce ba zai bar ni in je ni kaɗai ba, domin in aka daka mini tsawa sai in manta inda birki yake.

Gonar a bakin daji take, kuma mun san mai ita tun kafin a ƙwace. Muka sauke taki, na kwance tirela, na ɗaura garmar da muka ɗauko a cikinta. Aiki ya tafi lafiya har hantsi. A ƙarshen wani layi na ja liba don garma ta ɗago in juya. Ta ɗago kaɗan, ta yi rawa, ta koma ƙasa. Famfon haidirolik, wanda shi ke tura man da ke ɗaga garma, ya soma wani kuka kamar akuyar da aka shaƙe. Na kashe inji na zaro geji, na gan shi a bushe. Da na waiwaya sai ga ɗigon mai ya bi layin da na nome.

Ogansu ɗan ƙaramin mutum ne mai sanyin murya, yana zaune a gindin ɗorawa da rediyo a cinya. Ya ce ya san shirinmu, mutanen gari ne suka kitsa mana mu lalata mota don gonarsa ta rasa ruwan shuka. Na yi rantsuwa, bai ko dube ni ba. Ya sa aka kama Yaya, aka haɗa gwiwoyin hannunsa ta baya da igiyar babur, aka ja har ƙirjinsa ya turo, aka kwantar da shi a rana.

"Direba," in ji shi, "garma ta tashi, yayanka ya tashi. In ba ta tashi ba, kai kaɗai za ka koma gida."

Duk wanda ya taɓa neman yoyo ya san inda mai ke ɗiga ba nan ne inda yake fita ba. Yana gangarowa ne daga sama, ya bi ƙarfe, ya haɗu da ƙasa ya zama taɓo. Ƙarƙashin motar duk ya yi baƙi. Na roƙi ruwa da omo, na shiga wanke tiyo da mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. A idonsu ɓata lokaci nake yi. Wani dogo a cikinsu, mai layu jere a damtse, ya tambaye ni ko amarya nake yi wa wanka. Sauran suka yi dariya. Ya yanko tsumagiya ya nufi Yaya, ya ce duk tsumman da na matse, shi ma zai sauke guda. Haka kuwa ya yi. Ina jin saukarta a bayan Yaya, amma na san in na bar wuri guda ban wanke ba, to nan yoyon zai ɓuya.

Da ƙarfe ya bushe na ɗebo toka a murhun shayinsu na barbaɗe ko'ina. Man haidirolik babu, sai baƙin man babura da suke da shi a galan. Zuciyata ta ƙi, don na san ba abincin famfon ba ne, zai iya cinye shi. Na zuba ina istigifari. Na tayar da inji, na ja liba na ɗaure ta a sama da tsumma, na tsuguna ina kallo. Tokar ta soma yin duhu a lanƙwasar babban tiyo, inda yake gogar wani ƙarfe. Wurin na gani, amma hujin ban gan shi ba.

Ba a laluben irin wannan huji da hannu. Man yana fita siriri kamar allura, ido ba ya kama shi, kuma yana ratsa fata. Na yago gefen kwalin sukari zan gifta a wurin, in ga inda man zai buga. Dogon nan ya gaji, ya ture ni da gwiwa, ya ce bari ya nuna mini yadda maza ke aiki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka sa hannu a nan, zai huda ka."

Ya kwaɗa mini mari har na ji gishiri a bakina. Ya ce shi da harsashi ma ba ya shigarsa, tiyo ne zai ba shi tsoro? Ya shafa tafinsa a lanƙwasar, sai ya fizge hannu kamar kunama ta harbe shi. A gindin yatsansa akwai ɗan tabo, bai fi sukar ƙaya ba, ko jini babu. Ya dubi tiyo bai ga komai ba, ya dube ni. Ya ce asiri muka binne a motar.

Wannan karon bai taɓa ni ba, tunda ni ke gyara. Kan Yaya ya koma da gindin bindiga. Ya buga masa a kafaɗa, ya buga a haƙarƙari, ya taka damtsensa na hagu da takalmi ya murza. Yaya ba ya ihu, wani gurnani kawai yake yi, bakinsa cike da ƙasa. Na rarrafa gaban ogan na kama ƙafarsa, na ce don girman Allah ya zo ya gani da idonsa, in ƙarya nake a harbe ni a wurin. Ya ajiye rediyo ya taso. Na gifta kwalin a gaban lanƙwasar. Nan take wani baƙin layi ya tsaga shi, man ya fito ta bayansa. Ogan ya karɓi kwalin ya gwada da kansa, sannan ya ɗaga hannu, dukan ya tsaya. Amma bai ce a kwance igiya ba.

Faci ba ya riƙe irin wannan tiyo, ko da robar taya aka naɗe shi. Na kashe inji, na sassauta liba, na je na kwanto tiyon da ke ɗaga bayan tirela. Bakinsa ya yi daidai, tsawon ne ya gaza kaɗan, sai da na bi da shi ta wata hanya. Ogan yana tsaye a kaina, Yaya yana nishi, ni kuma dole in fara ɗaura noti da yatsu a hankali kafin in sa sifana, domin in zaren ya goce ya cinye, babu wani tiyon a dajin nan. Har yau ban san aikin da ya fi wannan tsawo a rayuwata ba.

Na ƙara baƙin mai, na tayar, na ja liba. Garma ta yi jinkiri, sannan ta ɗago har sama ta tsaya.

Suka kwance Yaya. Hannayensa sun kumbura sun yi baƙi, sun zube a gefensa kamar ba nasa ba. Aka ja shi inuwa, ni kuma na koma kan sitiyari na gama gonar, ina waiwayensa a kowane juyi. Kafin mu tafi na ce wa ogan a kai dogon nan asibiti, man da ya shiga nama ruɓar da shi yake yi. Ya ce in ji da nawa majinyacin.

Bayan la'asar na kwantar da Yaya a tirela kan buhunan takin da suka zazzage, na tuƙo a hankali ina kauce wa ramuka. Hannunsa na dama ya dawo kafin a yi noman farko. Na hagun kuwa mun kai shi wajen mai ɗori, mun kai shi asibiti a Birnin Gwari, har yau ba ya riƙe ko kofin shayi. In zai yi alwala, ni nake zuba masa ruwa.