Yaran shagon Goggo

Goggona tela ce, ƙanwar babana. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keke biyu da teburin yanka. Mace ce mai kunya har ta yi yawa, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Wani mai makaranta, abokin marigayi mijinta, ya ba ta kwangilar kayan ɗalibai. Suka sa hannu gaban shaidu. Ita da kanta ta je ta auna yaran ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinka, ta manna tambarin makarantar a kowane ƙirji. Ranar kai kaya mutumin ya ce ai sun canza launi, wani ya ɗinka musu.

Na ce, "Goggo, tashi mu je wajen lauya yau ɗin nan."

Ta ce, "Rufa min asiri, ɗiyata. Mutumin da ya ɗauki gawar mijina zan kai kotu? Zai dawo."

Bai dawo ba. Ta rataye rigunan layi-layi, ƙanana a gaba, manya a baya. Kowace safiya sai ta kakkaɓe su. Tana nuna min: wannan ta mai tumbi ce, wancan kafaɗarsa ɗaya ta fi sauka. Shekaru suka wuce, masu rigunan sun girma, ita tana nan tana guga. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Wata ta ce min da rana tsaka ta shiga, ba wuta, ba fanka, hannayen rigunan suna motsi. Na zage ta tas, amma ni ma na daina shiga ni kaɗai.

Sai da wanda ya ba ta hayar shagon ya ce ta tashi sannan ta yarda muka je. Lauya ya karanta takardar, ya cire tabarau.

"Mama, ina kike tuntuni? Da kin zo da wuri, da gaskiyarki a hannu. Yanzu makarantar ta rufe, mutumin ya bar gari, lokacin ƙara ma ya wuce."

Muka dawo. Ta buɗe shagon, ta tsaya a bakin ƙofa.

"To yaran nan, ina zan kai su?"

Na buɗe baki in ce mata yadi ne kawai. Wallahi na kasa. Duk ita suke fuskanta, suna jiran amsa.