Mai Burodin da Bai Sami Alkama Ba

Ambrose Tuckwell mai gasa burodi ne a Bristol ta Ingila kafin jirgin ruwa ya sauke shi a Virginia, shi da matarsa Dorcas da buhun irin alkama. Bukkarsa na jikin tawa, a bakin Kogin James. Tun bai gama rufin ɗakinsa ba, ya gina tanderu.

A lokacin kowa taba yake shukawa, har a gefen hanya, domin ita kaɗai jiragen Ingila ke saye. Muka yi ta yi masa tsiya.

"Haba maƙwabci, shuka taba ka huta mana!"

"Ku dai bari alkamata ta nuna," in ji shi, "ƙamshi kaɗai zai jawo ku ƙofata kuna haɗiyar yawu."

Alkamar ba ta nuna ba. Shekarar farko zafi ya ƙone ta, ta biyu cuta ta cinye ta. Kafin ta uku zazzaɓin fadama ya ɗauke Dorcas, yunwa kuma ta sa ya dafa ragowar irin ya ci.

Daga nan ya shiga gonar wani attajiri yana cire tsutsa daga ganyen taba, ana ba shi kunun masara. Hannuwansa suka yi baƙi, bayansa ya tanƙware. Na taɓa ce masa ya koma gida.

"Wurin wa?" ya tambaye ni.

Tari ya kashe shi ana tsakiyar girbi. Ni da wani maƙwabci kaɗai muka binne shi, sauran ba su iya barin gona ba.